Tarihin Uƙlidis Mai Littafin Usulu

 Ya 'yan'uwa masu karatu, labarin da zan kawo muku yau na wani mutum ne wanda ba Musulmi ba, ba kuwa Balarabe ba, wanda ya yi zamaninsa tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu, da wajen shekara 300. Na san akwai mai cewa, ina ruwan malamin allo da Bayunane? To, rabon gado ne ya gama mu. Duk ɗalibin da Allah ya kai shi babin ƙarshe na Muhtasar, ya share ƙasa gaban malaminsa, ya yi ta fid da ƙaramin adadi daga cikin babba don ya gane ko tawafuƙi ke tsakaninsu ko tabayuni, wannan ɗalibi ya taka sawun mutumin nan, ko ya taɓa jin sunansa ko bai taɓa ji ba. Larabawa na ce masa Uƙlidis, waɗansu su ce Iƙlidis. Ma'anar sunan da harshen mutanensa, wanda ya yi kyakkyawan suna. Amma da ya ke iƙlidi da Larabci mabuɗi ne, sai waɗansu marubutan Larabawa suka fassara sunan da mabuɗin handasa, watau ilmin awon siffofi da filaye. Fassarar ba daidai ta ke ba, ko da ya ke ta dace da mai sunan.

Ga yadda zamaninsa ya ke. Iskandar ɗan Filibus, Sarkin Makadoniya, ya ci ƙasar Masar, ya sa aka kafa birni a bakin Bahar Rum cikin shekara ta 331 kafin Miladiyya, aka sa wa birnin sunansa, Iskandariyya. Bai daɗe ba ya mutu a Babila cikin shekara ta 323, yana da shekara 32 a duniya. Ku lura, shekarun kafin Miladiyya da baya da baya a ke ƙirga su. Manyan mayaƙansa suka yayyaga daularsa, Masar ta faɗa rabon wani daga cikinsu mai suna Baɗlimus, shi ya riƙe ta har tsufansa, ya mutu cikin shekara ta 282. Kada a gama shi da Baɗlimus masanin taurari mai littafin Almajisɗi, wannan ya zo ne bayansa da fiye da shekara 400, bai kuwa taɓa sarauta ba. Sarki Baɗlimus mayaƙi ne, amma mai son malamai. Shi da ɗansa da ya gaje shi suka gina wa masana gida kusa da fada, ana ci da su, ana biya musu bukatunsu, ba su da aiki sai nazari. Suka kuma tara littattafai daga ko'ina, har taskar littattafan Iskandariyya ta zama abin kwatance a duniya. A wannan birni ne, cikin kwanakin Baɗlimus na fari, Uƙlidis ya zauna, ya karantar, ya yi wallafa.

Ba wani daga cikin waɗanda suka zauna da shi da ya bar mana ranar haihuwarsa, ko sunan garinsu, ko na malaminsa. Mafi yawan abin da a ke faɗi a kansa ya fito ne daga alƙalamin wani masani mai suna Buruƙlus, shugaban makarantar Aflaɗun ta birnin Atina, wanda ya mutu cikin shekara ta 485 Miladiyya. Tsakaninsu ke nan fiye da shekara 700. Mu da muka saba da tambayar isnadi mun san matsayin irin wannan ruwaya. Shi kansa Buruƙlus ƙiyasi ya yi, ya duba ya ga mutumin ya zo bayan almajiran Aflaɗun na fari, ya kuma riga Arshimidis, sai ya ajiye shi tsakani. Masana na rinjayar da cewa a Atina ya yi karatu, gama manyan malaman da ya ɗebi ilminsu, kamar su Yudoksus da Tiyatitus, suna da alaƙa da makarantar Aflaɗun.

Malaman tarihi na Musulmi sun ƙara da nasu. Ibnun Nadim, wanda ya wallafa Fihrisa a Bagadaza cikin shekara ta 377 ta Hijira, ya kawo sunan ubansa da na kakansa. Alƙifɗi kuwa, wanda ya rasu cikin 646, ya ce mutumin Sur ne, garin da ke bakin teku a ƙasar Labanan ta yau, ya kuma yi masa laƙabi da kafinta. Masu bincike na baya ba su dogara ga wannan ba, domin babu shi cikin tsofaffin littattafan Yunanawa. Turawa ma ba su tsira ba. Sun daɗe suna gama shi da wani takwaransa mutumin Megara, almajirin Suƙraɗ, wanda ya riga shi da kusan shekara 100, har suka riƙa buga kuskuren a bangon littafinsa.

Game da halinsa, abu uku suka iso mu. Na fari, an ce Sarki Baɗlimus ya tambaye shi ko akwai wata gajeriyar hanya ta koyon handasa wadda ta fi littafinsa sauƙi, shi kuwa ya nuna wa sarki ba a share wa sarakuna wata hanya tasu ta dabam zuwa ga wannan ilmi ba. Na biyu, an ce wani ɗalibi da ya gama mas'ala ta fari ya tambayi abin da zai samu idan ya koyi wannan, sai malamin ya kira baransa ya sa ya ba yaron 'yan kwabbai, tun da ya ke shi sai da riba ya ke karatu. Labari na fari an taɓa jingina irinsa ga wani malami dabam tare da Iskandar, saboda haka ba na rantsuwa a kansa. Na biyun kuwa, ko bai faru ba a Iskandariyya, na ga ya faru a zaurena ba sau ɗaya ba, sai dai ni ban da baran da zan sa, ban kuma da kwabban. Abu na uku yabo ne da wani masanin Iskandariyya mai suna Babus ya yi masa cikin ƙarni na huɗu na Miladiyya, ya siffanta shi da adalci da rashin girman kai, da kyautata wa duk wanda ya ƙara wani abu cikin ilmin lissafi kome ƙanƙantarsa. Littafin da ya bari ya gaskata wannan, gama daga farkonsa har ƙarshe ba inda ya yabi kansa, ba ma inda ya ambaci kansa.

Littafin shi ne wanda Larabawa ke kira Kitabul Usul. Maƙala 13 ne, cikinsu da mas'ala 465. Daga baya aka liƙa masa waɗansu maƙala biyu waɗanda ba nasa ba, shi ya sa za ka ga 15 cikin kofen Larabci. Ba shi ya ƙago yawancin abin da ke ciki ba. Aikinsa shi ne ya tattara abin da ke warwatse hannun magabata, ya jera shi yadda kowace mas'ala za ta hau kan wadda ta gabace ta, kamar yadda magini ke jera tubali. Ya fara da bayyana abin da ya ke nufi da ɗigo, da layi, da da'ira, da sauransu. Sa'an nan ya nemi mai karatu ya sallama masa abu biyar na handasa, da waɗansu biyar da kowane mai hankali ya yarda da su, kamar a ce in igiyata ta yi daidai da sandar awo, taka ma ta yi daidai da ita, to, tawa da taka daidai su ke. Bayan wannan bai sake neman a yarda masa da kome ba sai da hujja. Na biyar ɗin cikin abubuwan da ya nema a sallama masa, wanda ya shafi layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ya hana masana barci shekara dubu biyu. Ibnul Haisam da Umarul Hayyam da Nasiruddin Ɗusi duk sun gwada su kafa masa hujja daga sauran huɗun. Sai cikin ƙarni na 19 ta bayyana ba ya fitowa daga cikinsu, ashe tsohon ya yi daidai da ya ajiye shi cikin abin da a ke sallamawa.

To, yanzu mu zo ga abin da ya kawo mu. Maƙala ta bakwai da ta takwas da ta tara zancen adadi su ke yi, kuma da wannan tambaya ta bakwai ta buɗe: in an ba ka adadi biyu, yaya za ka gane mafi girman adadin da ke auna su duka biyu ba saura? Mu kira shi babban ma'aunin tarayya. Ka ɗauka kana da igiya biyu, ɗaya kamu 84, ɗaya kamu 60, kana so ka yayyanka su guntu guntu, duk tsawo ɗaya, guntayen su yi iyakar tsawon da zai yiwu, kada kuma a bar ko taƙi. Hanyar da ya koyar ita ce ka shimfiɗa gajeriyar bisa doguwar. 60 ya fita daga 84 sau ɗaya, saura 24. Ka manta da 84, yanzu aikinka tsakanin 60 ne da 24. Ka fid da 24 sau biyu, saura 12. Ka manta da 60, ka fid da 12 daga 24, sau biyu ya cinye shi ƙaf. Wannan da ya cinye na gabansa, watau 12, shi ne amsa. Doguwar igiya ta ba da guntu 7, gajeriyar ta ba da 5.

Wani zai ce ai wannan da ido ma na gane shi. To, gwada 391 da 299. Za ka gwada biyu, da uku, da biyar, da bakwai, duk su ƙi, har ka yanke cewa ba abin da ya tara su. Amma bi hanyar. 299 daga 391, saura 92. Fid da 92 sau uku daga 299, saura 23. Fid da 23 sau huɗu daga 92, ba saura. Ashe 23 ke auna su, na fari 23 sau 17 ne, na biyu 23 sau 13. Taki uku kaɗai, ba kuwa tsammani a ciki. In kuwa ka yi ta bi har saura ya zama ɗaya, kamar 35 da 12, inda za ka sami 11 sa'an nan 1, to, ka tabbata ba abin da ke auna su sai ɗaya.

Dalilin ingancin hanyar gajere ne. Duk abin da ya auna igiya biyu, tilas ya auna abin da doguwar ta fi gajeriyar da shi. Haka kuma duk abin da ya auna gajeriyar da sauran, tilas ya auna doguwar, tun da daga su aka haɗa ta. Saboda haka in ka jefar da babban adadi ka riƙe ƙaramin da saura, ba ka yi hasarar ma'auni ko ɗaya ba, ba ka kuwa shigo da baƙo ba. Tambayar tana nan yadda ta ke, adadin ne kaɗai suka ƙanƙance. Kuma ba makawa aikin ya ƙare, domin kowane saura ya gaza wanda ya gabace shi, cikakken adadi kuwa ba ya yin ta raguwa har abada.

Abin mamaki, in ka buɗe littafin ba za ka ga 84 ko 60 ba. Da layuka ya ke zana adadi, ya sa musu haruffa, don hujjar ta game kowane adadi. Mutanensa ba su da sifiri, ba su kuma ƙirga ɗaya cikin adadi, a wurinsu ɗaya shi ne abin da a ke gina adadi da shi. Don haka ya raba zancen biyu, mas'ala ta fari ga waɗanda ke ƙarewa kan ɗaya, ta biyu ga waɗanda ke ƙarewa kan wani adadi, ta uku kuma ta nuna yadda a ke yi in adadin uku ne. Hanyar ta girme shi, gama Arisɗo ya yi ishara da ita kafinsa. Mutanen Sin ma sun san ta ta wajensu, suna taƙaita ɓangarorin adadi da ita cikin tsohon littafinsu na lissafi mai babi tara. Amma a littafin Uƙlidis ne ta iso mu a rubuce tare da hujjarta, shi ya sa ta ɗauki sunansa.

Bai bar ta nan ba. A maƙala ta goma, wadda ta fi duka tsawo da wuya, mai mas'ala 115, ya sake ɗauko ta ya ɗora kan tsawo, ba kan adadi ba. Ka zana murabba'i mai gefe huɗu daidai, ka ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Ka fid da tsawon gefen daga igiyar, zai fita sau ɗaya da saura. Sauran zai fita daga gefen sau biyu da saura. Sabon sauran zai fita daga na gabansa sau biyu da saura, haka sau biyu, sau biyu, ba iyaka. Hukuncin da ya yanke shi ne, duk tsawo biyu da fid da juna bai ƙare a kansu ba, to, ba wani ma'auni kome ƙanƙantarsa da ke auna su duka. Larabawa na kiran irin wannan asammu, watau kurma, ko don ka yi ta kiransa da adadi ba ya amsawa.

Yadda littafin ya shigo hannun Musulmi kuwa, Ibnu Haldun ya faɗa cikin Muƙaddima cewa Halifa Abu Ja'afar Mansur ya aika wa Sarkin Rum yana neman littattafan lissafi, aka aiko masa da wannan a cikinsu. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara shi a zamanin Haruna Rashid, wanda ya yi halifanci daga 170 zuwa 193 ta Hijira, ya sake gyara fassarar don Ma'amun. Ba Hajjajun nan na Iraƙi mai takobi ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Bayansa Is'haƙu ɗan Hunainu ya yi wata fassara, Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya mutu cikin 288, ya tace ta. Ibnu Sina ya ba da labari da kansa cewa yana yaro a Buhara ya karanta mas'ala biyar ko shida na farkon littafin gaban malaminsa, sauran kuwa shi kaɗai ya warware su. Cikin 646 Ɗusi ya sake tsara littafin, tsarinsa ya zama shi a ke karantawa a makarantun gabas ɗaruruwan shekaru.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ilmin gado ba daga Yunan ya zo ba. Allah ne ya yanka rabon magada cikin Littafinsa, Sunna ta bayyana, sahabbai irin su Zaidu ɗan Sabitu, Allah ya yarda da shi, suka yi ta warware mas'aloli tun ba a fassara ko shafi ɗaya na Yunanawa ba. Lissafi bara ne ga wannan ilmi. Amma bara ne wanda ba a iya yi sai da shi. Shehu Halilu ɗan Is'haƙu, wanda ya zauna a Alƙahira cikin ƙarni na takwas na Hijira, da ya zo bayanin yadda a ke gane dangantakar adadi biyu, hanyar nan dai ya kawo cikin 'yan kalmomi kamar yadda ya saba. In sun yi daidai, tamasuli ke nan. In ƙaramin ya cinye babban tun karon fari, tadahuli. In an yi ta fid da juna har ɗaya ya rage, tabayuni. In kuwa wani adadi ne ya cinye na gabansa a ƙarshe, tawafuƙi ne, kuma da wannan adadin a ke sanin da me suka dace.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar uba da uwa da 'ya'ya mata shida. Asalin mas'ala daga 6 ne, uba sudusi, 1, uwa sudusi, 1, 'ya'ya sulusi biyu, 4. To, 4 ba ya rabuwa ga kai 6. Fid da 4 daga 6, saura 2, shi kuwa 2 ya cinye 4. Sun dace ke nan da rabi. Ka ɗauki rabin kawunan, 3, ka buga cikin asali, ya zama 18. Uba 3, uwa 3, 'ya'ya 12, kowace 2. Da su biyar ne, sai ɗaya ya rage, tabayuni ke nan, ka buga biyar ɗin duka cikin 6, ya zama 30, kowace ta sami 4. Gaskiya ne, ko da ka buga shidan nan duka ka sami 36, ba wanda zai cutu, tsawaitawa ce kawai. Amma je ka ga munasaha, inda mutum ya mutu ba a raba ba, ɗansa ya bi shi, matar ɗan ta bi, har a tara gawa huɗu kan gona ɗaya. Nan adadi ke hawa dubbai, wanda bai iya taƙaitawa ba sai lissafi ya rikice masa, kuskure kuwa a wannan wuri dukiyar maraya ya ke ci.

Masu ƙyamar duk abin da ya fito daga hannun wanda ba Musulmi ba, su koma ga Imamu Gazali, Allah ya ji ƙansa, wanda ya rasu cikin 505. Cikin Munƙizu ya bayyana ilmin lissafi da handasa ba su taɓa al'amarin addini ba, ba ta wajen tabbatarwa ba, ba ta wajen korewa ba, abubuwa ne masu hujja waɗanda ba a iya musunsu bayan an fahimta. Ya tsoratar da abu biyu. Ɗaya, ɗalibi ya ga ƙarfin hujjar masu falsafa cikin lissafi, ya zaci haka hujjarsu ta ke cikin sha'anin Ubangiji, ya bi su. Ɗayan kuwa, jahilin masoyin addini ya tashi yana ƙaryata lissafin don kare addini, wanda ya san lissafin ya ji shi, ya zaci a kan jahilci aka gina Musulunci. A ganina na biyun nan ya fi yawa cikinmu.

Turawan yamma daga Larabci suka fara samun littafin cikakke. Wani Bature mutumin Ingila, Adilad na garin Bat, ya juya shi zuwa Latin wajen shekara ta 1120 Miladiyya. Aka buga shi da injin ɗab'i a Banis cikin 1482, da Turancin Ingilishi cikin 1570, maƙala shida na fari kuma da harshen Sin cikin 1607. Cikin 1844 wani Bafaranshe mai suna Gabriyel Lame ya ƙirga saurin hanyar nan ta fid da juna, ya tabbatar da cewa yawan rabawar da za a yi ba ya wuce yawan lambobin ƙaramin adadin sau biyar. Watau in ƙaramin mai lamba uku ne kamar 299, kome tsiya ba za a wuce taki 15 ba, mu kuwa uku muka yi.

Kwanan baya wani tsohon almajirina da ya sauke a hannuna, ya shiga boko har ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni, ya nuna mini yadda a ke koya wa na'ura wannan aiki. Layi biyu ne. A kan raɗa wa aikin suna, a ce zai karɓi adadi biyu. Layi na fari ya ce, in na biyun sifiri ne, amsa ita ce na farin. Layi na biyu ya ce, in ba haka ba, a raba na farin da na biyun, a ɗauki saura, a sake kiran wannan aiki da sunansa, a miƙa masa na biyun da sauran. Ka ba shi 391 da 299, ya kira kansa da 299 da 92, wannan ya kira da 92 da 23, wannan ya kira da 23 da sifiri, na ƙarshen ya ce 23, amsar ta komo hannu da hannu har ga mai tambaya. Ko ka juya su ka ba shi ƙaramin da fari, kiran farko zai daidaita su da kansa, gama sauran raba 299 da 391 shi ne 299 ɗin.

Da na ji an ce aiki na kiran kansa sai na ɗaure fuska, domin mu a tauhidi aka koya mana dauri da tasalsuli korarru ne. Dauri shi ne abu ya tsayu kan abin da shi ma a kansa ya tsayu, tasalsuli kuwa jerin da ba shi da matsaya. Na ce wa yaron wannan dauri ne tsantsa, ka bayyana abu da kansa. Da na kwana da zancen sai na ga ni ne ban duba da kyau ba. Amsar 391 da 299 ba ta tsayu kan kanta ba, ta tsayu kan amsar 299 da 92, wadda wata tambaya ce ƙarama, sunan aikin ne kaɗai ɗaya. Ba tasalsuli ba ne kuma, saboda saura na raguwa, layi na fari kuwa na tsaye yana jiransa a sifiri. Cire layin nan na fari, sai na'ura ta kai ga raba adadi da sifiri ta tsaya da kuskure. Waɗansu ayyukan masu kiran kansu kuwa, in an mance da matsayarsu, sai su yi ta kira har wurin ajiyar na'urar ya cika. Tun wajen 1960 harsunan yi wa kwamfuta umarni suka fara yarda aiki ya kira kansa, wannan mas'ala kuwa tana cikin na farkon da a ke ba masu koyo. Ba wasan ɗalibai kaɗai ba ce. Hanyar ɓoye sirrin saƙo da waɗansu masana uku suka fitar a Amurka cikin 1977, wadda aka yi ta tsare saƙonnin intanet da ita, da wani reshe na lissafin nan a ke fid da mabuɗinta.

Shi mai littafin, an fi ajiye mutuwarsa wajen shekara ta 270 kafin Miladiyya, a Iskandariyya. Ya bar almajirai a can, gama Babus ya ce Abuluniyus, babban masanin handasa na bayansa, ya daɗe yana zama tare da su. Duk hoton da ka gani an ce nasa ne, daga tunanin mai zane ya fito. Rubutun hannunsa bai saura ba. Cikin mafi tsufan abin da aka samu na littafin akwai wani ɗan guntun takarda, irin wadda Misirawa ke yi da ciyawar bakin Nilu, da aka tono a jujin wani tsohon gari na Masar, an rubuta shi wajen shekara ta 100 Miladiyya, mas'ala ɗaya ce tak daga maƙala ta biyu da zanenta. Akwai kuma cikakken kofe na Yunananci da aka rubuta a Ƙusɗanɗiniyya cikin 888, yana ajiye a Okisfod ta Ingila.

Ya wallafa waɗansu littattafan ban da Usulu. Na gani da ido, da na motsin taurari, da wanda Larabawa ke kira Almu'uɗayat, sun tsira da Yunananci. Waɗansu sun ɓace, har da wanda ya tara hujjojin ƙarya masu kama da gaskiya don ya horar da ɗalibai su riƙa gane su, na so a ce wannan ya iso mu. Akwai kuma ɗaya mai koyar da yadda a ke ratsa fili da layi a raba shi kashi kashi bisa gwargwadon da a ke so, irin abin da mai raba gonar gado ke bukata bayan ya gama lissafin sahamai. Asalinsa na Yunananci ya salwanta. Da Larabci ya tsira, cikin wani kofe da wani masani Bajamushe ya gano a taskar littattafan Faris, ya fassara shi cikin 1851. Mas'ala 36 ke cikinsa, huɗu kaɗai suka zo da hujjarsu, gama mai kwafewar ya ga sauran da sauƙi, ya bar su.